Ɗari Ba Ɗaya

Jiya ban runtsa ba. Ina kwance ina sauraren ruwan sama yana dukan taga har motar kwasar shara ta shigo layinmu, sannan na haƙura, na tashi na ɗora ruwan shayi. Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci, kuma ina jin nauyin rubuta ta a gabanku: shin Rhona ni ta gani ta so, ko shekaruna aka lissafa mata?

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar wannan shafi sun san Rhona Kinnaird. Sun san wata goma ke nan muna tare, sun kuma san zoben da na saya tun kafin Kirsimeti yana nan cikin safa a ƙasan durowata, ina jiran ranar da zan iya buɗe baki. Wanda ban taɓa ba ku labarinsa yadda ya kamata ba shi ne mahaifinta, Alastair. Kuma ba a ba da labarin Alastair ba tare da Kofin Ɗari ba.

A kulob ɗinmu na sikwash da ke nan Perth, wato wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo a bangon ɗaki da abin bugu da ake kira raket, duk watan Maris ana gasar bibbiyu. Sharaɗinta ɗaya ne: in aka haɗa shekarunka da na abokin wasanka, dole su kai ɗari a ranar wasan ƙarshe. Waɗanda suka ƙirƙiro ta da kyakkyawar niyya suka yi, don tsoho da yaro su riƙa haɗuwa a fili ɗaya. Abin da ta zama kuwa, kasuwa ce. Tun daga Janairu za ka ga dattawa sun jeru a barandar sama suna leƙen samari, suna duba cinya da ƙwauri kamar masu cinikin doki. Samari su ma suna zagaya tsofaffi suna tambayar lafiyar gwiwa, da wani irin ladabi da ba ka ganinsa a sauran watannin shekara. Kowa ɗari cif yake nema. Shekara ɗaya da ta ɗoru a kai asara ce, don tana nufin da ka ƙara bincike da ka samu mai ƙafar da ta fi wannan ƙuruciya.

Ba a tambayar kowa takardar haihuwa, kuma da wannan kulob ɗin yake taƙama. Takarda ce ake mannawa a allon sanarwa, da fensir ɗaure da zare. Mutum ya rubuta sunansa da shekarunsa, maganarsa ita ce shaidarsa.

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya gaban allon ina kwance igiyar takalmi, sai idona ya faɗa kan layi na shida. Rubutun Alastair ne, tsaye, mai kaifi: A. Kinnaird, 72. S. Moffat, 28. Jimla, 100. Har ya ja layi biyu a ƙarƙashin ɗarin.

Ni ne S. Moffat, Struan. Shekaruna ashirin da bakwai. Wasan ƙarshe ranar sha huɗu ga Maris ne, ni kuwa sai ashirin da uku ga wata zan cika ashirin da takwas. Kwana tara suka raba mu da ɗari. Ku tuna fa aikina a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta gunduma shi ne in zauna daga safe zuwa yamma ina gyara ranakun haihuwa da na mutuwa da wasu suka rubuta ba daidai ba shekara ɗari biyu da suka wuce. Saboda haka na ɗauka kuskure ne irin na kowa: ya ɗauki shekarar haihuwata ya cire daga ta bana. Har ɗan murmushi na yi.

Na hau sama wurin Elspeth. Ita ke kula da kantin shayi na kulob tun kafin a haife ni, kuma takardar gasar a hannunta take. Mace ce gajera mai tabarau rataye da sarƙa, kuma harshenta ba shi da kube.

"Ango, ka ga sunanka?" in ji ta, ba ta ma ɗago daga kofin da take gogewa ba.

"Na gani. Ina jin Alastair ya ɗan yi kuskure a..."

"Alastair? Kuskure? Yaro, mutumin nan ko girman takalmin fastonmu ya sani. Shekara talatin ban ga ya yi kuskuren lissafi ba." Ta nuna bango da haɓa. "Ka taɓa ɗaga kai ka karanta wancan? Ko gudu kawai aka koya maka a jami'a?"

Allon girmamawa ne, na baƙin katako, an rubuta sunayen waɗanda suka ci kofin da ruwan zinare, kowane suna da shekarunsa a gefe. Sau ɗari na wuce ƙarƙashinsa. Ranar na karanta. Kinnaird 67 da G. Sillars 33. Kinnaird 69 da N. Buchan 31. Kinnaird 70 da E. Petrie 30.

Gregor. Niall. Euan. Na san sunayen nan uku, amma ba a kulob na san su ba. Rhona ce ta lissafa mini su wata rana a jirgin ƙasa, kanta bisa kafaɗata, lokacin da muke tona wa juna tsofaffin soyayya. Gregor ya cika son kansa. Niall ya cika shiru. Euan kuwa, ta ce, abin da kansa ya mutu.

"Bara da Euan ya sake shiga," in ji Elspeth a bayana. "Ɗari da biyu. Zagaye na biyu aka yi waje da su. A wannan kujerar Alastair ya zauna yana ta cewa shekara biyu sun tafi a banza. Daga Afrilu ban sake ganin ƙeyar Euan ba. Watan Mayu sai ga ka."

"Me kike nufi, Elspeth?"

"Ni? Shayi nake sayarwa. Da madara ko babu?"

Ban sha ba.

Washegari Lahadi, kamar kullum, abincin rana a gidansu. Gidan dutse ne a kan tudu, tagoginsa suna kallon kogi. A falo akwai kabad na gilashi, a ciki ƙananan kofuna uku na azurfa, irin waɗanda ake bai wa wanda ya ci ya ajiye, an kuma bar wuri a gefensu, daidai faɗin guda ɗaya. Na sha ganin wannan gurbin. Ranar ne na gane ni ake jira in cike shi.

Rhona ce ta buɗe mini ƙofa. Ta sa rigar ulu koriya mai dogon hannu, wadda na taɓa ce mata ina so, da ƙaramin fil na kakarta a ƙirji, gashinta a ɗaure sama da wani guntun fensir. Ta sumbace ni a kumatu, ƙamshin lemo da sabulu. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan daƙiƙa na so in manta da allon nan gaba ɗaya.

Moira, mahaifiyarta, ta gasa cinyar rago da dankali da na'ana'a. Alastair yana kan teburi cikin kwat ɗinsa mai tambarin kulob, gwiwarsa ta dama a naɗe, ya miƙe ta bisa wata kujera. Shi yake yanka naman. Da ya zo kaina sai ya sa wuƙa ya cire kitsen tsaf, ya tura wa karensu.

"Ban da kek ga Struan yau, Moira. Saura sati uku." Ya sunkuya ta ƙarƙashin teburi ya damƙi ƙwaurina ya matsa. "Ji nan. Ƙarfe. Euan kafin Maris ɗin bara nan wurin ya zama kamar burodi."

"Baba, don Allah," in ji Rhona, tana dariya.

Na ajiye cokali. Tun haɗuwarmu ta farko ya hana ni ce masa Mista Kinnaird.

"Alastair, akwai gyara a takardar nan. Ranar wasan ƙarshe ban cika ashirin da takwas ba. Sai..."

"Ashirin da uku ga Maris," ya ƙarasa mini, yana zuba miya. "Na sani, ɗana."

Karen kaɗai ake jin taunarsa.

"To ai casa'in da tara muke."

"Kwana tara! A shekaruna kwana tara ƙiftawar ido ne. Laifin wa? Mahaifiyarka ce ta makara, ba kai ba. Da ta ɗan hau matakala sau biyu da yanzu ba ma wannan maganar." Ya yi dariya shi kaɗai. "Wa zai tambaya? Ba a tambaya a kulob ɗinmu."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Shi ya sa ba a tambaya. Don an yarda ba mai yin haka." Na ture farantina gefe. "Kai ne fa ka tsayar da ni a fili watan Yuni, ranar da ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu ba wanda ya gani, na ɗaga hannu na ba da makin. Ka ce da wannan ake gane ɗan halas a wasan nan."

"Wancan cikin fili ne. Wannan takarda ce."

Na dube shi ko wasa yake yi. Ko kusa. Fuskarsa a sake take, ta mutumin da ya daɗe da sasantawa da kansa.

Ya goge baki, ya sassauta murya. "Saurara. Watan Yuni za su buɗe gwiwar nan su sa ƙarfe. Likita ya ce in an gama, sai dai in riƙa kallo daga baranda. Wannan ne na ƙarshe. Duk wani yaro mai ƙafa a kulob an riga an kama shi tun Janairu. Ban nemi kowa ba saboda ina da kai." Sai ya dubi Rhona, ya dube ni. "Kuma na ji ƙishin-ƙishin akwai maganar da kake son yi da ni. Sha huɗu ga Maris da yamma, bayan mun ɗaga abin nan, ka zo ka same ni. Za ka tarar da ni mai sauƙin kai ƙwarai."

Ku duba fa. A kan teburin Lahadi, gaban uwarta, gaban ita kanta, mutumin nan ya ɗora 'yarsa a sikeli, ya ɗora kwana tara a ɗaya gefen. Na juya ga Rhona ina jiran ta ce wani abu. Tana yanka dankalinta ƙanana-ƙanana, ba ta kai ko ɗaya baki ba.

Bayan an gama na bi Moira kicin ina share kwanuka. Ita tana wankewa, hannunta cikin kumfa. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "In ba za ka iya ba, ka ce idon sawunka ya gurɗe. Ka ɗaure shi sati biyu, ka riƙa ɗingishi in ka zo."

"Wannan ma ai ƙarya ce, Moira."

"Ƙarya ce mai ladabi. A gidan nan ba a cewa a'a, ɗana. Ciwo ake yi." Ta miƙo mini faranti. "Shekara arba'in ina ciwon kai duk ranar da ba na son zuwa wani wuri. Ka ga ai har yau ina nan."

Ranar Litinin saƙo biyu suka shigo wayata kusan tare. Na Alastair: "Talata, shida da rabi na safe, fili na biyu. Kada ka ci burodi." Na Rhona: "Ka ɓata masa rai jiya. Bai faɗa ba amma na sani. Ka yi haƙuri da shi, tsoho ne." Bayan minti ɗaya ta ƙara: "Rigar nan saboda kai na sa, ko kallo ba ka yi ba."

Yanzu ga wurin da na fara ƙyamar kaina, kuma ba zan tsallake shi ba. Ranar Talata na je. Ban ci burodin ba. Mu huɗu a ɗan ɗakin da aka gina don mutum biyu, raket yana wuce kunnenka, gumin wani yana fantsamo maka. Alastair ya kafe a gaba kusa da bango kamar turke, yana jiran ƙwallon da za ta zo masa har hannu ya kashe ta. Duk wadda ta wuce shi sai ya daka tsawa, "Taka ce! Taka ce, yaro!" Ni kuma ina ta zarya a baya daga kusurwa zuwa kusurwa, harshe a waje. Muka cinye abokan gwajinmu tas. Ya dafa wuyana a gaban mutane ya ce, "Kun ga nawa?" Kuma na ji daɗi. Wannan shi ne abin. Mahaifina ya bar mu ina shekara shida, kuma ga wani dattijo yana ce mini nasa. A ɗakin wanka na tsaya gaban madubi na furta "ashirin da takwas" a hankali, in ji yadda zai zauna a bakina. Ya zauna daram.

Jiya Laraba da yamma Rhona ta zo ɗakina ba ta sanar ba. Rigar ruwanta rawaya tana ɗiga, ta rungumo soyayyen kifi da dankali a takarda. Ta cire takalma, ta haye kujera ta naɗe ƙafa, kamar yadda ta saba.

"Na kawo maka haramtaccen abinci. Kada ka gaya wa kocinka."

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin teburi, nesa da ita.

"Ranar da muka haɗu," na ce, "na fito daga fili, kika miƙo mini ruwa. Kika tambayi sunana. Tambaya ta biyu, kin tuna?"

"Struan, kifin zai huce."

"Kika ce wace shekara aka haife ni. Kika ce kina so ki san ko kin girme ni."

"Ai na girme ka ɗin. Da shekara huɗu. Sai ka riƙa gaishe ni."

"Wa ya aiko ki?"

Ta ajiye takardar kifin a hankali. Na zaci za ta musa. Da ta musa ma da ya fi mini sauƙi, don da na samu abin da zan yi fushi da shi.

"Baba ne ya nuna mini kai daga baranda," ta ce. "Ya ce, je ki gai da bahagon yaron can, ki ji ko ɗan shekara nawa ne. Bahago zinare ne a wasan bibbiyu, ka sani. Na je. Sai me?"

"Sai me?"

"E, sai me! Kowa akwai wanda ya nuna masa wani. Wasu a wurin biki, wasu a waya. Ya aike ni in ce sannu. Bai aike ni in kwana kan kujerar asibiti ranar da aka yi wa mahaifiyarka aiki ba. Bai aike ni in zauna ina sauraren labarin matattun da kake gyara wa ranar haihuwa ba, har in riƙa tambayarka yaya ta ƙare da su. Wannan duk ni ce."

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Gregor fa? Niall? Euan?"

"Elspeth," ta ce, ta rufe ido. "Wata rana sai na shaƙe matar nan da sarƙar tabaranta."

"Ba ta ce komai ba. Allo na karanta."

"A kulob na girma, Struan. A ina kake so in haɗu da maza, a wata? Euan ni na gaji da shi."

"A watan Afrilu."

"E, a Afrilu! An hana gajiya a Afrilu ne?"

"Sati uku bayan an fitar da su."

Ta daɗe tana kallon maiƙon da ya ɓata takardar. Da ta sake magana muryarta ta canza, ta zama ƙarama.

"Ba ka san gidan nan ba in ya faɗi gasa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Sunanka kawai yake daina kira. In Euan ya zo, sai ya ce, Moira, tambayi baƙon ko zai sha shayi. Sati ɗaya, sati biyu. Sai na wayi gari na ga yadda Euan yake tauna abinci yana ba ni haushi. Yadda yake dariya. Abubuwan da da ban taɓa lura da su ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Na ɗauka ni ce na gaji. Har yau haka na ɗauka."

"Yanzu fa?"

"Ban sani ba. Na rantse ban sani ba. In gidan ya yi sanyi da mutum, sai in ga ni ma na yi sanyi. Ban taɓa tsayawa na duba daga ina sanyin yake shigowa ba."

A wata goma ban taɓa jin ta faɗi magana mai gaskiya kamar wannan ba, ban kuma taɓa jin wadda ta fi ta muni ba. Na so in tashi in rungume ta. Amma ban tashi ba.

"In na gyara takardar," na ce, "za ki zauna?"

"Kada ka sa ni zaɓe."

"Ba zaɓe na ce ba. Tambaya na yi."

"Kwana tara ne fa! Ba wanda za a cuta. Ka bar lamba ɗaya a takarda, ya ɗauki kofinsa, a yi masa aiki, shi ke nan har abada. Ba sauran gasa, ba sauran baranda. Mu huta, mu yi rayuwarmu. Ba za ka iya yi mini wannan ba?"

"In na yi, muka ci, kika aure ni, ta yaya zan sani?"

"Ka san me?"

"Ko ni ne, ko kofin."

Ta tashi ta sa takalmanta. Ta daɗe tana fama da zif ɗin rigar ruwan. A bakin ƙofa ta ce, "Kai dai matsalarka, komai sai ka tono shi ka duba kwanan watansa." Ta fita. Kifin yana nan a kan kujera har safiya. Warinsa ya cika ɗakin.

Na auna abin ta kowace fuska kafin gari ya waye. Shawarar Moira ita ce mafi sauƙi: bandeji, ɗingishi, kowa ya tsira da mutuncinsa. Amma in na yi haka na shiga gidan ke nan, na karɓi ciwona na gado, kuma nan da shekara arba'in ni ne a kicin ina koya wa wani yadda ake yi. In kuma na bar lambar, za a rubuta ta da ruwan zinare a bangon da zan riƙa wucewa ƙarƙashinsa duk mako, wataƙila riƙe da hannun ɗana. Akwai mutum biyu a wani layin takardar nan da suka cika ɗarinsu da gaskiya, mai yiwuwa da gwiwar da ta fi ta Alastair lalacewa. Rhona ta ce ba wanda za a cuta. Ban san sunayensu ba tukuna, shi ya sa yake da sauƙin faɗa.

Ana rufe shiga gasar gobe Juma'a ƙarfe shida na yamma. Na yanke cewa yau zan yi, ba gobe ba, don ya samu yini ɗaya da rabi ya nemi wani. Wannan kaɗai nake jin ya cancanta daga gare ni.

Ƙarfe bakwai na isa kulob, cikin kayan aikina, ban ɗauko raket ba. Ba kowa sai wasu mutum biyu a fili na ɗaya, ana jin ƙarar ƙwallonsu a bango. Na ciro abin gogewa daga aljihu, irin wanda muke amfani da shi a wurin aiki, mai laushi, wanda ba ya cin takarda. Alastair ya danna fensir sosai. Ko da na goge takwas ɗin, sawunsa yana nan. Na rubuta bakwai a kansa. Na goge ɗarin, na rubuta casa'in da tara. Layi biyun da ya ja na bar masa.

Da na juya, Elspeth tana tsaye a kan matakala da tiren kofuna. Ta sauko, ta ɗora tabarau, ta karanta. Ta daɗe fiye da yadda lamba biyu suke bukata.

"Ka san sai na soke ku."

"Na sani."

"Ni zan kira shi, ko kai?"

"Ba ni minti goma."

Ta ciro jan biro daga aljihun rigarta, ta riƙe ba ta buɗe ba. "Goma," ta ce. Ba ta kira ni ango ba.

A waje, ƙarƙashin rumfar kekuna, na rubuta wa Alastair layi biyu, ba ban haƙuri, ba gori. Sannan na rubuta wa Rhona: "Na gyara. Shekaruna ashirin da bakwai. Ina gida daga ƙarfe shida, kuma ba abin da ya same ni a ƙafa."

Ta karanta bakwai da minti ashirin. Yanzu rana ta kusa tsaka, ina ofis, wayar tana gefen wani littafin rajista da ban buɗe ba tun safe. Sau uku alamar tana nuna tana rubutu. Sau uku tana ɗaukewa.